Jan Fentin Kawu a Bangon Madafata

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Kawu, ƙanen mahaifiyata, ya rasu da hantsin wata Talata a ɗakinsa da ke Briqueterie, unguwarmu a Yaoundé, bayan jinyar da ta ɗan ja. Kafin azahar lungun ya cika. An shimfiɗa tabarmi daga ƙofar gida har bakin shagon teloli, masu taksi suna sauke mutane a titi su ƙaraso da ƙafa, don mota ba ta shiga lungunmu.

Ina cikin gida tare da mata, amma labule kawai ya raba mu da zauren maza, ina jin abin da ake faɗa. Wani tsohon mahauci da ke gasa nama a bakin titi, wanda aka ce ya ture samari ya kama makara da kansa, shi ya fi kowa ɗaga murya bayan an dawo daga maƙabarta.

"Mutumin nan ya taɓa rufe mini wurin gashi," in ji shi, "har na rantse ba zan ƙara gaishe shi ba. Daga baya na yi kaffara. Allah ya jiƙansa, ko tsinke ɗaya na tsirena bai taɓa ci kyauta ba."

Daga unguwar Cité Verte wata tsohuwar abokiyar aikinsa ta zo, Kirista ce, ta ɗaura ɗankwali ta zauna cikinmu. Hausarta ba ta da yawa, sai ta riƙe hannun matar Kawu ta ce da Faransanci wai tunda take ba ta ga mai taurin kai irinsa ba. Tana faɗa tana kuka, tana kuma dariya. Ita kuwa Inna, mahaifiyata, da tsufa ya zaunar da ita a kusurwar ɗaki, ba ta yi kuka a gaban kowa ba. Duk wanda ya durƙusa ya yi mata gaisuwa amsa ɗaya take ba shi: "Ni na goya shi. Na ce kada ya riga ni, amma dama bai taɓa jin maganata ba."

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne tambayar da 'yar ƙanena ta yi mini a ranar. Ta ga jama'ar da ta taru, ta matso kusa da ni ta ce, "Goggo, wai wane aiki Kaka ya yi ne haka?" Ita tsoho kawai ta sani, mai zama a bencin teloli yana gyangyaɗi. Na ga idan muka yi shiru, abin da zai rage ke nan.

Kawu duba-gari ne. Ma'aikacin tsabta ne a meri, wato ofishin magajin gari, kuma aikinsa ya shiga gidajen mutane ya duba inda suke girki da inda suke kewayawa. Idan mutum zai tada sabuwar madafa, ko ya haƙa masai, ko ya mayar da banɗaki wani gefe, sai ya nemi fermi, takardar izinin gini, sannan a turo irin su Kawu su gani da ido kafin a fara da bayan an gama. A unguwa irin tamu, inda bangon wannan shi ne bangon wancan, kuma rijiyar maƙwabci tana bayan makewayinka, aikin ba ya jawo wa mai shi masoya.

Yana tafe da kakinsa, da guntun rodi a hannu kamar sanda. Da shi yake ƙwanƙwasa daɓe da bango yana sauraro. Duk bayanin da magini zai yi masa, zai bari ya gama tsaf, sannan ya ce, "To, na ji. Ruwan ina zai je?" Har yaran unguwa suka mayar da tambayar nan ta zama sunansa, suna faɗa in ya ba da baya. Da Faransanci yake karanta wa mutum doka, da Fulatanci yake faɗa idan ransa ya ɓaci, da Pidgin yake tsokanar maginan da suka zo daga yamma, amma in zai lallashi mutum sai ya dawo Hausa.

Akwai ɗabi'arsa da ta daɗe tana ba Inna haushi. Idan yana cikin kaki ba ya shan ruwan gidan kowa, har gidan yayarsa. Zai shigo ya gaishe ta a tsaye, ta miƙo masa moɗa, ya ce, "Yaya, ina kan aiki." Sai ya koma gida ya sa doguwar riga, ya dawo ya zauna ya cinye tuwon da ta ajiye masa, har ya nemi ƙari. Inna takan ce ƙanne biyu gare ta, ɗaya ɗan'uwa, ɗaya gwamnati.

Sai shekarun kiriz, wato matsin tattalin arziki, suka zo. Wanda ya zauna Yaoundé a lokacin ya san abin da nake nufi. An zaftare albashi, kamfanoni suna rufewa, mutanen da muka saba gani da taye suka koma sayar da gwanjo a bakin hanya. Maigidana direba ne a wani kamfani, wata safiya ya tafi aiki ya dawo da takardar sallama. Muna da 'ya'ya, ga Inna a wurinmu. A unguwa kowa ya shiga dabara: wannan ya raba ɗaki biyu ya sa ɗan haya, wancan ya mayar da madafarsa shago. Ni kuma na ce abinci zan sayar, tunda teloli da mahauta ba su daina jin yunwa ba.

Tsohuwar madafarmu ba ta ɗaukar manyan tukwane. Amma a bayan gida, kusa da banɗaki, akwai wani fili mai daɓen siminti, shimfiɗaɗɗe, tun kafin mu shigo gidan yake nan. Na kira magini ya duba. Ya ce wuri ya yi, bango uku da kwano kawai ake bukata, ya kuma matsar da ƙofar banɗakin ta kalli wani gefen. Na tambaye shi zancen fermi, ya yi dariya.

"Hajiya, kawunki ne duba-gari. Wa zai taɓa ki?"

Kawu ba ya gari a lokacin, ya tafi arewa jinyar surukinsa. Aka yi ginin, na dasa murhuna, na ajiye turmi a tsakiya. Ciniki ya buɗe fiye da yadda na zata. Shinkafa da wake da safe, tuwo da miyar yakuwa da rana. 'Yata ta fari ita ke daka, ƙannenta suna kai kwanuka shaguna. Karon farko tun sallamar maigidana muka ci nama a gidan ba tare da an yi lissafi ba.

Ranar da Kawu ya dawo aiki, da kaki ya shigo mana. Ya gaida Inna, ya wuce bayan gida, na bi shi ina murmushi, ina jiran ya sa albarka. Bai kalli bango ba, bai kalli kwano ba. Ƙasa ya kalla. Ya ƙwanƙwasa daɓen da rodinsa a bakin ƙofa, ya matsa tsakiya ya sake ƙwanƙwasawa. Sai na ga fuskarsa ta canja.

"Ke, fito daga nan," ya ce wa 'yata, wadda ke riƙe da taɓarya. "Ajiye. Fito yanzu."

Ya juyo gare ni. "Wa ya ba ki izinin gini a nan?"

"Kawu, ai gida ne. Bango uku ne kawai."

"Ban tambaye ki yawan bango ba. Kin san abin da ke ƙarƙashin ƙafarki? Tsohon ramin masai ne. Ina saurayi aka rufe shi, a gabana. Katako aka jera, aka zuba ƙasa, daga baya wani ya shafa siminti a kai. Ke kuma kin zo kin hura wuta, kin sa yarinya tana dukansa da taɓarya kullum."

Na ce magini ya tabbatar mini wurin cikakke ne. Ya fita, ya dawo da gwangwanin jan fenti, ya zana babban gicciye a bangon madafata, irin wanda ake yi wa ginin da za a rushe. A gaban masu sayen abinci ya yi, suna tsaye da kwanukansu.

Inna ta fito da sandarta. Ban taɓa jin ta yi wa wani magana irin ta ranar ba. Ta ce ta san ramin, kuma ta san an cike shi da ƙasa har baki. Ta ce yaran nan yanzu suka fara ƙoshi, shi ne zai zo ya kife musu tukunya don a ce yana aiki. Ta ce nonon da suka sha ɗaya ne, amma shi kaki ya shayar da shi. Ya tsaya kansa a sunkuye har ta gama.

"Yaya," ya ce, "ki zage ni duk yadda kike so. Zagin zan iya ɗauka. Abin da ba zan iya ba shi ne in zo in zauna a tabarma ana yi mini gaisuwar jikarki."

Ta ce kada ya ƙara taka mata gida, da kaki ko da riga.

Na mayar da girki ƙofar ɗaki, ga damina ta kankama. Ruwa ya kashe mini wuta, hayaƙi ya cika ɗakin Inna, rabin masu saye suka koma wurin wata. Ba zan ɓoye ba, na ji zafinsa ƙwarai. In na hango shi a lungu sai in canja hanya. Shi kuma kowace safiya zai tsaya a ƙofar gida, ba ya shigowa, ya ɗaga murya ya ce, "Yaya, ina kwana?" Ba ta amsawa. Ya jira kaɗan ya wuce.

Maigidana ne ya gaji. Ya je ya same shi, suka yi magana ta maza. Kawu ya ce masa, "Ka fasa daɓen. In ka tarar da ƙasa cike, ni zan sake gina madafar da hannuna, in kuma je in goge fentin da rigata a gaban jama'a." Wata safiya maigidana ya ari babbar guduma. Kawu ya sa ya shimfiɗa dogon katako daga bakin ƙofa, ya tsaya a kansa, aka ɗaura masa igiya a ƙugu, maƙwabta biyu suka riƙe. Mu muna ganin abin kamar wasa. Bai yi dukan kirki ba sai daɓen ya tsage kamar ƙwai, tsakiyar ta rufta gaba ɗaya. Turmin da ba mu ɗauke ba, shi ma ya bi ta. Sai da muka ɗan jira kafin mu ji ƙarar faɗuwarsa cikin ruwa can ƙasa. Wari ya taso. Katakon da ke riƙe da mu duk tsawon lokacin nan ya ruɓe, ana murza shi da yatsa yana zuba.

Inna ta zauna a ƙasa inda take tsaye. Ta jawo 'yata ta riƙe ƙafarta. Kawu kuwa ko kallonmu bai yi ba, ya hau ba da umarnin a kewaye ramin da kwano kada yara su matso. Inna ba ta taɓa ba shi haƙuri da baki ba, har ya koma ga Allah. Abin da ta yi, da la'asar ta tashi da kanta, ta kaɗa miyar kuka da man shanu yadda yake so, ta aika a ce masa abinci na hucewa. Ya zo da doguwar riga.

Na ɗauka daga nan komai zai zo da sauƙi. Ashe ban gama sanin Kawu ba. Ya ce za a cike ramin yadda ya kamata, a mayar da madafa gaban gida inda iska ke bi, a gyara magudanar banɗaki, kuma duk wannan sai da fermi. Ya zauna ya zana mini yadda ginin zai kasance a bayan takardar buhun siminti, ya kai ni wurin mai zane ya fitar da shi a tsabtace. Ranar kai takardu muka tafi meri tare. Ofishinsa yana nan a ƙarshen baranda, ina hango ƙofar, amma ya zaunar da ni a benci cikin layi, ya zauna kusa da ni.

"Kawu, ba za ka shiga ka yi musu magana ba?"

Ya nuna mini matan da ke gabanmu da haɓarsa. "In na shiga da ke, waɗannan su shiga da wa?"

Da aka gama ginin kuma ya ƙi zuwa dubawa. Ya ce ba ya sa hannu a aikin 'yar yayarsa. Abokiyar aikinsa ta Cité Verte aka turo. Ta zagaya, ta leƙa, ta ce tagar madafar ta yi ƙanƙanta, hayaƙi zai kashe mini ido, sai an faɗaɗa kafin ta sa hannu. Tagar kuwa Kawu ne ya zana ta. Na je na faɗa masa ina jiran ya fusata. Ya yi dariya har da tafa hannu. "Ta kama ni! Maza a fasa." A madafar nan na yi girkin da ya biya wa 'ya'yana makaranta.

Kada wanda ya karanta wannan ya ɗauka jan fentin Kawu kullum alheri ya haifar. Akwai wata gwauruwa a gangaren Ekoudou da ya yi wa makewayinta alama, don yana tsiyaya cikin rijiyar da gidaje da yawa ke sha. Nufinsa a ba ta lokaci ta gyara. Amma masu rusau suka biyo layin kafin ya ankara, suka ga alama, suka ture makewayin har da bangon ɗakinta. Ya dawo gidanmu a ranar ya kasa cin abinci. Ya ce wa Inna, "Hannuna ne ya nuna musu." Bai ce doka ce ba, bai ce laifin wasu ne ba. Ranakun hutu ya riƙa zuwa da tsohon wando yana kwaɓa ƙasa, ya bi masallatai ya roƙi bulo da kwano, har aka tada mata ɗaki da sabon makewayi nesa da rijiyar. Matar ba ta yafe masa da wuri ba, kuma bai nemi ta yi ba. Daga lokacin, in zai yi alama sai ya fara zama da mai gida ya tambayi inda za su kwana in abin ya zo.

Kiriz ɗin da ya kori maigidana bai bar Kawu ba shi ma, an sallame shi kafin lokacin ritayarsa. Ya ninke kakin ya ba matarsa ta ajiye. Sai ga shi aikin ya biyo shi bencin teloli. Duk matar da za ta gyara madafa, duk maigidan da zai haƙa masai, sai an zo an ɗauke shi ya gani kafin a je meri. Ya nuna wa mutum takardun da zai haɗa, ya gaya masa abin da mai dubawa zai ƙi, ya hana shi ba kowa goro. Kuma yanzu yana karɓar ruwa. Har shayi yake nema, yana cewa bashin shekaru yake karɓa.

A jinyarsa ta ƙarshe ƙafafunsa suka daina ɗaukarsa sosai, tsuguno ya gagare shi. Babban ɗansa ya ce za a fasa banɗakin gidan a sa masai na zama, a kafa ƙarfen dafawa a bango, kuma gobe-gobe magini zai fara. Kawu yana kwance ya ɗaga yatsa.

"Da izinin wa?"

"Baba, kai ne fa ba ka da lafiya. Wa zai zo ya duba banɗakinka?"

"Shi ya sa. Ka kai takarda."

Babu yadda ba a yi da shi ba. Aka kai takarda, aka shiga jira. Wata rana da ya ɗan ji ƙarfi ya sa aka riƙe shi zuwa banɗakin, ya karɓi gawayi ya ja layi a bango inda za a kafa ƙarfen. Kawu dogo ne, ko da ciwo ya ranƙwafar da shi, layin kuwa ya yi ƙasa sosai. Ɗansa ya ce, "Baba, wannan ai bai kai maka ba." Ya ce a bar shi yadda ya ja. Muka kalli juna, muka ɗauka ciwo ne ya fara taɓa masa lissafi.

Fermin ya fito bayan mun yi sadakar bakwai. Ɗansa ya rasa yadda zai yi da shi, ya ce aikin ya zama banza. Matar Kawu ta ce a yi, tunda Malam ya nema. Aka yi yadda ya tsara, aka kafa ƙarfen a kan layin gawayinsa. Ina gidan ranar da aka turo mai dubawa, wani matashi da bai san gidan wa ya shigo ba. Ya duba magudana, ya duba daɓe, ya ce komai daidai, sai dai ƙarfen nan ya yi ƙasa, mai gidan zai sha wuya kafin ya kama shi.

Matar Kawu tana tsaye a bakin ƙofa. 'Yar gajeruwa ce, gwiwoyinta sun daɗe suna damunta, ba ta taɓa faɗa wa kowa ba sai shi. Ta tako a hankali, ta miƙa hannu ba tare da ta ɗaga kafaɗa ko ta sunkuya ba, tafinta ya sauka a kan ƙarfen daidai. Ta tsaya a haka, ta kasa saki. Matashin ya kalle ta, ya kalle mu, ya sunkuyar da kai ya sa hannu a takardar.

Ya Allah, ga bawanka ya zo gare ka. Ka yafe masa abin da ya yi kuskure, ka karɓi abin da ya yi daidai, ka yalwata masa kabarinsa, ka sanyaya zuciyar yayarsa da ta matarsa. Mu da muka rage, ka sa mu cika da imani. Amin.